Auta a Ɗakin da Sabis Ba Ya Shiga

Matso nan kusa, ɗan'uwa, ture takalman can gefe ka samu wuri. Wayar ma kife ta a cinya, ba guduwa za ta yi ba. Labarin wata baiwar Allah zan ba ka, wadda da wuya ku taɓa haɗuwa a hanya, domin ba fita take yi ba.

Auta ake ce mata. Tana da sunanta kamar kowa, amma tun tana rarrafe Auta ya danne shi, har ga shi ta haura talatin, furfura ta fara leƙowa a gefen kunne, ba wanda ya sake mata suna.

Mahaifinta mai gyaran keken ɗinki ne, irin wanda daga jin kukan keke yake faɗa maka ciwonsa. A ƙarƙashin teburinsa Auta ta tashi, tana tsince allurai da maganaɗisu, bakinta ba ya rufuwa. Baba mene ne wannan? Baba me ya sa? Har ya laƙaba mata 'Yar Jarida. Shi kuwa wani hali gare shi. In tela ya sungumo keke yana haki, wai zare sai tsinkewa yake, Baba ba ya ko taɓa sukuddireba. Sai ya ɗaga murfin gefe, ya nuna masa zanen hanyar zare da maƙera keken suka manna a ciki.

"Ga shi nan tun ranar da ka saye shi," in ji Baba. "Ku teloli daga tsakiya kuke fara kallo, kafin ƙarshe kun gaji."

Su yi dariya su tafi, wata mai zuwa su dawo da ciwo iri ɗaya.

Da Auta ta gama makaranta sai ta samu aiki a wani shagon buga takardu. Yatsunta kamar ruwan sama a kan kwano. Ɗalibai da masu neman aiki layi suke yi a tebur ɗinta, ta buga, ta gyara musu kuskure ba tare da ta kunyata kowa ba. Tana cikin wannan mahaifiyarsu ta rasu. Ba a daɗe ba, wata safiya Baba ya sunkuya zai ɗauki almakashi, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: madalla. Ƙishirwa madalla, ciwo madalla, fushi ma madalla. Auta kaɗai ke bambance su, daga sautin da kuma yadda girarsa take tsayawa.

'Yan'uwa suka zo, suka yi kuka, suka koma gidajensu. Auta ta ɗauki hutun 'yan kwanaki daga shago don ta zauna da shi kafin a san abin yi. Har yau ba a san abin yin ba. Kujerarta a shago tuni wata ta gaje ta.

Bari in kai ka ɗakin. Hawa na biyu ne, can ƙuryar bene. Tagarsa bangon wani gini take kallo, kusa har in ka miƙa hannu za ka taɓa simintin. Gadon Baba, kujerar roba, tebur mai kwalaben magani, da kan wani tsohon keke a lulluɓe a lungu. Akwai keken guragu, amma matakala ta fi ƙarfinsa, don haka shanya tawul ake yi a kansa. Sabis ɗin waya kuwa ko da kuskure ba ya shiga. Duk benen wuri ɗaya yake samuwa, a tagar da ke kwanar matakala, inda za ka ga mutanen gidan a tsaye kowa ya ɗaga waya sama kamar masu duba hadari.

Daga gadon zuwa tagar nan ba nisa. Amma Baba in ya buɗe ido bai ga Auta ba, yunƙurin tashi yake yi, ya manta cewa rabin jikinsa ba ya jin kira.

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta turo mata labarin. Wata cibiya tana koyar da rubuta manhaja kyauta. Zangon farko a gida ake yi, ta waya, da wani yaren kwamfuta da ake kira Python. Duk wanda ya warware aikin gwaji kafin ƙarshen wata, a ɗauke shi zango na biyu, wanda shi a cibiyar ake zuwa, yammaci biyu a mako. Auta ta karanta saƙon a kwanar matakala, idonta ya tsallake komai ya sauka a kan yammaci biyun nan.

Yayansu babba, mai shagon tayil a ɗaya gefen gari, yakan leƙo ƙarshen mako da ledar 'ya'yan itace. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, tsohuwar kwamfutar 'yarka da ta daina amfani da ita, a ba ni aro mana."

"Fim za ki kalla?"

"Karatu zan yi." Ta nuna masa saƙon.

Ya karanta yana murmushi. "Auta ke nan. Yaran da suka yi jami'a ma abin nan juya musu kai yake. Ke da wane lokacin?"

"In Baba ya yi barcin rana. Yaya, in na ci, za ka riƙa zuwa ka zauna da shi ranakun ajin?"

"Ci tukuna. In kin ci, ni da kaina zan zo, ko in turo antinki. Baba, ka ji ko? Kai ne shaida."

"Madalla," in ji Baba, da sautin da Auta ta san na ƙishirwa ne.

To, haka kwamfuta ta iso, harafi ɗaya ya ɓalle, batirinta sai a jone. Darussan farko suka tafi sumul. Akwai wata baƙar taga da ake buɗewa, da wasu kibau uku a gefen hagu suna jiranka. Ka rubuta umarni ka danna, ta amsa nan take. Auta ta ji kamar ta samu abokin hira. A cikin baƙar tagar take rubuta komai kai tsaye, domin haka Malamin ajin ya nuna a bidiyon farko. Bidiyon da ya yi bayanin yadda ake adana aiki a fayil kuwa, tagar matakala ba ta taɓa ƙarasa sauke shi ba. Ka riƙe wannan, zai dawo mana.

Aikin gwajin ba wani dodo ba ne. Motocin wani gareji ne, kowace da kwanakin da suka rage a canza mata baƙin mai, a jera su ta yadda mai gaggawa za ta zo farko. Auta ta shigar da motocin, ta ba da umarnin jerawa, sort sunansa, ta karɓi abin da ya dawo da shi, ta ce a nuna mata. Kwamfuta ta rubuta kalma ɗaya: None. Wato babu komai.

Ta sake. None. Ta canza sunaye, ta sake. None.

"Baba, motoci sun ɓace," ta ce. Baba yana barci, bakinsa a ɗan karkace.

Ta laɓaɓa zuwa matakala ta rubuta a guruf ɗin aji. Ta tsaya ƙafa ɗaya a kan tudu, kunne ɗaya a ɗaki. Can wani ya amsa: "Anti ki tambayi help mana, yana cikin kwamfutarki, ba ya cin data."

Ta dawo da sauri. Ta rubuta help, wato umarnin neman taimako, ta buɗe alamar baka, ta sa list, sunan irin jerin da take aiki da shi, ta rufe baka ta danna.

Ɗan'uwa, sai ga Turanci ya cika allo tun daga sama har ƙasa, layi a kan layi, da wasu kalmomi masu jan layi gaba da baya kamar an sa musu takunkumi. Motocinta sun ɓace daga gani. Kibau ukun ma babu su. Ta dubi tsakiyar shafin, ba ta ga kalmar da ta sani ba. Ta danna ƙasa, rubutu ya ci gaba da zubowa. Ta yi ta dannawa har ya tsaya a kan wata kalma da ke cewa ƙarshe ke nan. To ƙarshen ya zo, ina hanyar fita? Ta rubuta umarni, bai shiga ba. Ta danna maɓallin da ta saba tserewa da shi a shago, shiru. Ta danna na shigarwa, kwamfuta ta yi ɗan ƙara kamar tsaki. Gadon Baba ya motsa.

Ta rufe baƙar tagar gaba ɗaya. Da ta sake buɗewa, kibau uku suna nan suna jiranta, fes, kamar ba su taɓa ganinta ba. Aikin barcin rana guda ya tafi.

Washegari ta yi dabara, ta ɗauki hoton allon da waya kafin ta gwada. Ta sake faɗawa, ta sake rufewa, ta sake bugawa daga hoto. Yatsunta suna da sauri, amma barcin Baba gajere ne, kafin ta dawo inda take ya farka yana neman a juya shi. Da ta gwada karo na uku abin bai canza ba, sai ta sa wa help suna Rijiya, ta rantse ba ta ƙara leƙa ta.

Sai ta koma wa matakala. Ta tambaya, ta jira. Wani ya turo bidiyo mai tsawo wanda ƙwallonsa ke ta juyawa ba ya buɗewa. Wani ya turo hoton dariya. Malam yana amsawa da kyau, amma mutum ɗari ne a kansa, amsarsa sai bayan kwana biyu, kuma takan zo ne da tambaya: me help ya ce miki? Kunya ta hana ta cewa tsoron help ɗin take ji. Ita da ake kira 'Yar Jarida.

Wata la'asar tana tsaye a tagar, bidiyo ya kusa buɗewa, ta ce bari in ƙara minti ɗaya. Sai ta ji tim.

Ta same shi a ƙasa tsakanin gado da kujera, girarsa ta fashe, idonsa a buɗe yana kallon ƙofa. "Madalla, madalla, madalla," yake ta faɗa, da wani sauti da ba ta taɓa ji ba. Ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi. Ihunta ne ya hawo da matar da ke ƙasansu, wata tela mai jiki da murya, wadda kowa ke kira Maman Biyu. Baba ne ke gyara mata keke tun tana koyo. Su biyu suka kinkime shi zuwa gado.

Yaya ya iso da guminsa. Ya dubi filastar da ke goshin Baba, ya dubi kwamfutar.

"Kina ina?"

"Matakala."

"Kina me?"

Ta matsar da kwamfutar gefe.

"Auta, ni ban hana ki ba. Amma ki dubi tsohon nan. Ƙashi ne zai karye wata rana saboda wasan yara. Wata ya ƙare in zo in ɗauki abin nan, kowa ya huta."

"Ai watan bai ƙare ba, Yaya."

"Bai ƙare ba," ya ce, yana neman makullin motarsa a aljihu.

Daga ranar ta daina zuwa matakala in ba kowa a ɗakin. Gaba kura baya sayaki: amsa tana waje inda ba ta iya zuwa, a ciki kuma sai Rijiya. Baba ma tun faɗuwar ya daina barcin rana. Idonsa a kanta ko ina ta juya. In ta yi shiru ya fara mutsu-mutsu, in tana magana ya lafa. Sai ta jawo kujera jikin gado, ta ɗora kwamfuta a cinya, tana ba shi labarin duk abin da take yi, kamar yadda shi yake yi mata a ƙarƙashin tebur.

"Ka ga nan, Baba, motocin ne. Wannan farar saura mata kwana kaɗan. Yanzu zan ce a jera. Ka gani? None. Ta raina ni ne kawai."

Ranar da zan faɗa maka, gajiya ta yi mata yawa har ta koma wasa. Ta ce, "Baba, bari in nuna maka Rijiyar da nake faɗawa." Ta ɗauki hoton allo, ta rubuta help, ta buɗe baka ta rufe. A gajiye take, ta manta ba ta sa sunan komai a tsakani ba.

Sai wani shafi dabam ya fito, gajere, 'yan layuka.

"Iye, yau da gaisuwa aka fara," ta ce. "Wai barka da zuwa."

Da ita kaɗai ce, da ta watsa ido a tsakiya ta rufe. Amma Baba yana jiran murya, kuma mai karantawa a bayyane ba ya iya tsallake layi. Ta karanta na farko da Turanci, ta juya masa da Hausa. Wai in wannan ne karonka na farko ga inda za ka fara. Ta karanta na biyu. Wai ka rubuta sunan duk abin da kake son bayaninsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana cije kalmomi masu tauri, har ta iso inda aka ce, in kana son fita ka koma inda kake, rubuta quit.

Ta tsaya. Ta sake karantawa, wannan karon a zuci. Ta rubuta, ta danna.

Kibau uku suka dawo. Motocinta suna nan a sama, ba wadda ta motsa.

Ta gyara zama. Ta koma Rijiyar ta ainihi da gangan, dogon shafin nan ya zubo, kibau suka ɓace. Ta kai ƙaramin yatsanta can lungun hagu za ta rubuta kalmar. Harafin farko kawai ta taɓa, q, shafin ya naɗe kansa ya tafi.

Auta ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta kifa kai a gefen katifa, kafaɗunta suna rawa, kuma daga nan ban ce maka dariya ce kaɗai ba. Hannun Baba mai lafiya ya lalubo ya sauka a kan ɗankwalinta.

"Daga tsakiya na fara kallo, Baba," ta ce cikin katifa. "Kar ka faɗa wa teloli."

Daga ranar ɗakin ya zama aji mai ɗalibi ɗaya da mai sauraro ɗaya. Ta gane cewa in ka tambayi help abu mai faɗi, buhu yake juye maka a ka, in ka kama sunan ɗan abin da ke damunka, sai ya ba ka 'yan layuka. Ta gano wani umarnin, dir, wanda ke buɗe maka abu kamar durowa ya nuna maka sunayen duk abin da ke ciki, ka zaɓi ɗaya ka kai wa help. A cikin durowar list ta ga sort. Ta tambaya a kansa shi kaɗai, ta karanta wa Baba. Tun a layin farko aka faɗa: yana jera kayan ne, ya dawo da None. Ƙasa kaɗan aka ƙara da cewa a inda suke yake jera su.

"Ka ji fa! Kamar in aiki mutum ya gyara ɗaki, ya gyara ya dawo hannu rabbana, ni kuma in tsaya ina kallon hannunsa ina cewa ina ɗakin. Motocin a jere suke tun ranar farko, Baba. Ni ce ke zubar da su in riƙe babu."

Sauran ya ɗauki kwanaki. Akwai wata kalma, key, da ke faɗa wa sort da me zai auna, ko suna ko kwanaki, ita ma sai da ta karanta ta sau da yawa kafin ta zauna. In ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba a cikin bayanin, ita ma ta kai ta ga help, wani lokaci a dace, wani lokaci a ce ba a san ta ba. Turancin wurin ba ya lallashi, ba ya maimaitawa, amma ba ya dariya, ba ya kuma cewa sai jibi. Da tsoro ya sake ta sai hankalin shago ya dawo: ta buɗe fayil ta riƙa rubuta aikin a ciki tana adanawa, abin da ta yi shekaru tana yi wa takardun mutane.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, motoci suka fito a jere, mai gaggawa a sama. Saura turawa, turawa kuwa sai matakala. Ta leƙa ta saman bene ta ƙwala kira.

"Maman Biyu! Don Allah ki hawo ki zauna a kujerar nan, ki riƙa yi masa magana, har in tura abu in dawo."

Maman Biyu ta hawo tana numfarfashi, da riga da allura a hannu. "Yau kuma? Shekara nawa ina ce miki in kina son wani abu ki faɗa, ke kuma ba komai, ba komai, kamar rediyo mai tasha ɗaya."

"Ban san sunan abin da zan roƙa ba ne."

"To yanzu kin sani. Tafi, ni da tsohon saurayina za mu yi hira. Ko ba haka ba, Baba? Keken nan nawa tun da ka kwanta yake min rashin kunya."

Mako bai cika ba saƙo ya zo. An ɗauke ta. A ƙasan saƙon, kuma ta karanta shi har ƙasa, an ce wanda ya rasa aji sau biyu za a ba wani kujerarsa, domin masu jira suna da yawa. Ta kira Yaya.

"Kai, Auta! Ashe da gaske kike. Madalla, in ji Baba. Ranar farko ni zan zo da kaina."

Ranar ta zo. Tun azahar ta yi wa Baba wanka, ta ba shi abinci da magani, ta fito da takalmin da ta daɗe ba ta sa ba har fatarsa ta bushe. Ta zauna a kujerar roba da jakar kwamfuta a cinya. Ƙofa a buɗe. Duk takun da ta ji a matakala sai ta miƙe. Da lokaci ya matso ta tsaya a bakin ƙofa, inda wani lokaci sabis kan ɗan taɓa, ta samu ta kira.

"Ina hanya, Auta. Mota ce ta kawo kaya yanzu-yanzu, in na bar yaran nan su kaɗai rabi za su fasa. Antinki kuma ta tafi asibiti da ƙaramin. Ki ɗan jira."

Ta san wannan ina hanyar. Ta sake leƙawa ta saman bene.

Maman Biyu ba ta tambayi komai ba. Ta hawo da ƙaramin kekenta na hannu a rungume, ta dire a kan tebur, ta ture kwalabe gefe. "Aikina a nan ko a ƙasa duk ɗaya ne. Wuce."

Auta ta sunkuya ta ce, "Baba, zan je aji in dawo kafin magariba." Sai ta ji an riƙe igiyar jakar. Hannun hagun nan da ya yi shekaru yana murɗa sukurori bai manta ƙarfinsa ba. Bai ce madalla ba. Kallonta kawai yake, kallon da ya yi wa ƙofa ranar da ya faɗi. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora hannun a kan bargo, ta fita ba ta waiwaya ba, domin ta san in ta waiwaya ta zauna ke nan.

Titi ya yi mata faɗi. Hasken rana har idonta ya yi ruwa. A cibiyar aka ba ta kujera kusa da taga, taga ta gaske mai kallon bishiya. Malam ashe ɗan siriri ne mai yawan dariya. Ana cikin aiki mutumin da ke gefenta, wani mai tabarau, ya fara dukan maɓallai yana tsaki, dogon shafi ya cika masa allo. Ta ɗan karkata ta ce, "Danna q, malam." Ya danna, ya dube ta kamar ta yi tsafi. Awannin nan suka wuce kamar an hura su.

Ta dawo rana na shirin faɗuwa, ta hau matakala da gudu. Tun daga ƙofa ta ji shirun. Maman Biyu tana zaune hannu a haɓa, keke a rufe. Abincin la'asar yana nan a kwano ya huce, ƙwayar magani a gefensa. Baba ya juya fuska bango.

"Da farko kukan keken ya ɗauke masa hankali," in ji Maman Biyu a hankali. "Har ya nuna min da hannu wai zarena ya yi tauri, kuma gaskiyarsa. Daga baya ya fara kallon ƙofa. Na kai cokali ya ture. Ya jiƙa shimfiɗa, na zo in canza ya ƙi in taɓa shi, kuma ni ban ga laifinsa ba, namiji ne da mutuncinsa. Sau biyu ya yunƙura, sai da na danne kafaɗarsa. Ni dai jibi ma zan hawo in kin ce, amma ba zan ɓoye miki ba."

Auta ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta canza shimfiɗa. Ya bari ta juya shi amma bai dube ta ba. Sai da ta ɗuma abincin ta zauna tana ba shi labarin bishiyar da mai tabarau, sannan ya buɗe baki ya karɓi cokali, hawaye yana bin gefen da ya shanye.

Yaya bai zo ba. Saƙonsa ne ya shigo washegari da ta je ɗebo ruwa: ya ji abin da ya faru, ta gani ko, shi ya san tsohon ba zai yarda da kowa ba, amma ta bari ya ga yadda mako mai zuwa zai kasance.

Ta nuna wa Maman Biyu saƙon.

"To ki tambayi help ɗin naki mana," in ji Maman Biyu, "tunda kin ce komai ya sani."

"Na tambaya. Na rubuta masa Baba. Ya ce ba shi da bayani a kan wannan."

Suka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba.

Gobe ne aji na biyu. Takalmin yana nan a bakin ƙofa, ta shafa masa mai. Jakar tana rataye a keken guragu, Baba kuma tun safe idonsa bai bar kanta ba. In ta je, ta san abin da za ta tarar. In ba ta je ba, saura mata rashi ɗaya kacal kafin kujerar kusa da taga ta zama ta wani.

To kai da ka zauna ka ji har ƙarshe, ba ka tsallake ko layi ɗaya ba, in Auta ta leƙo ta saman bene gobe da azahar ta tambaye ka, me za ka ce mata?